Mayar da iskar taya bayan an fito daga rairayi

Malam, ka ce agogon kwamfiresarka, wato injin hura wa taya iska, na nuna psi 35 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) lokacin da kake mayar da iska, amma da safe sai ka tarar da 30. Muddin kwamfiresa na hurawa, allurar kan wuce gaskiya. Kashe ta, jira allurar ta tsaya, sannan ka auna da gejin hannu. Ni dai ban taɓa yarda da na jikinta ba.

Kuma tayar da ta sha tafiya tana da zafi, awonta kan ɗara da kamar psi 3 ko 4. Lambar da ke jikin ƙofar direba ta taya mai sanyi ce, don haka ƙara kaɗan, ka daidaita da safe. Bar mota a kunne saboda batir, kuma hattara da bakin tiyo, yana ƙuna.