Ƙarfen da wuƙa ke yankawa da batirin da ya kumbura

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ina da shagon cajin waya a wani ƙauye ta wajen Ringim, na ga bidiyo a TikTok an yanka wani ƙarfe da wuƙa yana ta ƙyalli nan take ya dusashe, wai sodiyam sunansa, shin shi ne a cikin batirin waya? Don akwai wani batiri da ya kumbura a shagona yara sun matsa sai sun huda shi sun ga cikinsa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, fara ƙwace batirin nan daga hannun yaran tukunna.

Bidiyon ba haɗi ba ne, gaskiya ne. Sodiyam ƙarfe ne mai taushi, kana yanka shi za ka ga fari sol yana sheƙi, amma cikin 'yan daƙiƙoƙi iskar oksijin ta kama wurin ya koma toka-toka, tsatsa ce dai amma mai gaggawa. Kuma abin bai tsaya nan ba, danshin iska ya mai da ɓawon nan ya zama sodar nan mai ƙuna da ake haɗa sabulu da ita, in aka bar shi ya daɗe a waje sai ya koma farin gari dangin sinadarin da ke cikin kanwa. Shi ya sa ake ajiye shi tsundum cikin kananzir. In ya faɗa ruwa kuwa sai a ja da baya, iskar haidurojin yake fitarwa ga zafi, har wuta takan tashi. Ba a samun tsuransa a ƙasa sai a haɗe, ga shi nan a gishirin miya, sai 1807 Humphry Davy na Ingila ya fara ware shi.

Na wayarka lithiyam ne, gidansu ɗaya, shi ma ba ya shiri da iska da danshi, kuma ruwan da ke cikin batirin ma mai kama wuta ne. Kumburin nan iska ce ta taru saboda batirin ya lalace, kana hudawa faifan ciki su haɗu, zafi ya tashi, ga hayaƙi mai guba, a shagon da ke cike da wayoyin mutane kuwa asarar ba kaɗan ba ce wallahi. Kar ka sake jona shi a caji, kar ka danne shi wai ya koma daidai, saka shi a gwangwani da busasshen yashi can nesa da dannin kara, kuma kar a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.

Batirin sodiyam ma akwai, kamfanin CATL na Sin ya gabatar da nasa a 2021, amma ya fi dacewa da motoci da ajiyar wutar sola, don ya fi na lithiyam nauyi a caji iri ɗaya.