Baba ya daina ji sosai: tsufa ne ko dattin kunne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70. Watannin nan sai an ɗaga murya yake ji, rediyo ma sai ya ƙure ta. Yana cewa kunnensa ya toshe, kullum cikin sosa shi yake da tsinken ashana. Me zan yi masa a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin a ɗora wa tsufa laifi, a bari ma'aikacin lafiya ya haska kunnen ya leƙa. Na sha ganin dattijon da aka kawo ana cewa ya kurumce, ashe datti ne ya cushe masa hanya.

Dattin nan kunne ne ke yinsa don kare kansa, kuma da kansa yake fitowa a hankali, taunar abinci na taimaka masa. Idan girma ya zo sai ya riƙa bushewa, gashin cikin kunne ya yi kauri ya riƙe shi. Ashana, auduga mai tsinke da gashin kaza kuwa ƙara danna shi ciki suke yi, wani lokaci har su huda dodon kunne. Don haka ki fara raba Baba da ashanar nan, da lallashi, kin san halin manya.

Idan babu ciwo, babu ruwa ko mugunya, ba a taɓa yi masa aiki a kunnen ba, ki kwantar da shi ta gefe, ki ɗiga man zaitun mai tsabta ɗigo 2 ko 3, ya yi minti 5 a kwance. A yi haka sau 3 a rana, kwana 3 zuwa 5. Kada ki ɗora man a wuta. Ki riƙe kwalbar a tafin hannu ta yi ɗumi. Farko jinsa zai iya ƙara dusashewa, kada ki tsorata.

Wanke kunne da sirinji kuwa aikin asibiti ne. Ko ruwan ma sai mai ɗumin jiki, don mai sanyi jiri yake kawowa, ga tsoho ba ya son faɗuwa. Ki sanar da su idan yana da ciwon suga.

Amma idan jin ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko akwai zazzaɓi, jini ko jiri, ki kai shi asibiti a ranar. In an fitar da dattin bai ji sauyi ba, a nemi gwajin ji; akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.