"Document": takarda ce, daftari ne, ko kundi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni sakatariya ce a ofishin wani lauya a Kano, kuma kullum sai na fassara wa masu zuwa abin da aka rubuta musu da Turanci. Kalmar "document" tana ba ni wahala. Wani ya ce in riƙa cewa daftari, wani ya ce kundi. Wanne ne daidai?

Amsa: Barka kadai, Malama. Kafin mu nemo mata Hausa, bari mu ga yadda masu ita suke amfani da ita. Asalinta daga Latin ne, daga aikatau mai ma'anar koyarwa, tushen da ya ba Turanci "doctor", wadda mu kuma muka mayar likita. To "document" rubutu ne da ke ɗauke da bayani wanda za a iya kafa hujja da shi. Farar takardar da ba a rubuta komai a kanta ba, ba ta shiga ciki. Kuma ba lalle ne ya zama a kan takarda ba. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ta sa faifai da kaset da abin da kwamfuta ta fitar duk a ƙarƙashin wannan kalma, lauyan da kike wa aiki zai tabbatar miki. Turawa suna kuma mayar da ita aikatau, su ce a yi "document" ɗin abu, wato a rubuta shi a adana. A Amurka idan aka kira mutum "undocumented", ana nufin baƙo ne da ba shi da takardun izinin zama.

A Hausa, kalmar da ta fi ɗaukar wannan kaya ita ce takarda. Masana sun ce daga bakin Buzaye muka karɓe ta, su ma tushen tasu yana komawa ga "charta" ta Latin. Daga nan ne kati da karta suka fito, sai dai su ta wata hanya suka iso mu. Matsalar takarda ɗaya ce: ta yi faɗi. Wadda mai tsire ya ƙunshe nama da ita takarda ce, wadda alƙali ya sa wa hannu ita ma takarda ce. Bahaushe ya daɗe da warware wannan, yana faɗin ko ta mece ce: takardar haihuwa, takardar sammaci, takardar mallakar fili, takardar yarjejeniya, takardar murabus. Wani lokaci ma wurin da ake magana ya wadatar. Idan ɗan sanda ya tare mota ya ce "Ina takardunka?", direba ba ya tambayar waɗanne. Sai ya miƙa hannu ya zaro tsohuwar leda, ya fito da lasisi da inshora da shaidar mallaka, gefensu duk ya sha maiƙo. Haka idan aka ce an ba wance takardarta, kowa ya san aure ne ya mutu.

Daftari kuwa ki yi hattara da shi, don nan ne masu fassara da yawa suke ɓata wa mutane lissafi. Daga Larabci muka aro shi, inda yake nufin littafin rubutu ko na lissafi. Amma ki saurari labaran rediyo: daftarin kasafin kuɗi, daftarin doka, daftarin yarjejeniya. A kunnen mai sauraro na yau, daftari abu ne da aka tsara, ba a kai ga amincewa da shi ba. Ki ɗauka dattijo ya sayi gona, an sa hannu, shaidu sun dangwala, sai ki ce masa "Baba, ga daftarinka." Idan mai bin labarai ne, zai tashi da zaton akwai sauran gyara. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a harkar fili da gado ƙaramin ruɗani irin wannan yana kai 'yan'uwa gaban alƙali. Ki ce masa takardar cinikin gona.

Kundi tarin takardu ne. Asalinsa na malaman zaure ne: warwarar takardu da malami ya tara shekara da shekaru, addu'o'i da hatimai da fa'idojin da ya samo wajen malamansa, a haɗe cikin bangon fata an ɗaure da tsirkiya. Daga nan aka faɗaɗa shi, muka samu kundin tsarin mulki na 1999 da kundin digiri. Saboda haka ya dace da babban rubutu mai babi-babi, ko tarin takardun shari'a guda, ko da yake a ofis fayil aka fi cewa. Falle ɗaya ba ya zama kundi.

Abin sha'awa, kalmar da Larabawa ke faɗi a wurin "document" tana bakinmu tuntuni, ita ce wasiƙa. Da ta zo Hausa sai ta taƙaita ga saƙon da ake aikawa, don haka ba za ta yi miki wannan aiki ba.

Tambaya: Malam, daga Maraɗi nake. Akwai karin maganar da zan kawo wa yayana, wanda ke ba da bashi da baki kawai, ya ce rubutawa rashin yarda ne?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa: gani ya kori ji. Ana faɗinta idan hujjar da ido ya gani ta kawar da "an ce, an ce". Sai dai yayanka zai fi saurarar abin da ya fi karin magana nauyi. Ka buɗe masa aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Umarni ne a rubuta bashi idan an yanka masa lokaci, ƙarami ne ko babba, wanda ake bin bashin shi zai yi shifta, a kuma kafa shaidu. Ka kai masa maganar ku biyu, cikin ladabi, ba a gaban waɗanda yake bi ba.