Zan iya fara tattara bayanai kafin kwamitin ɗa'a ya ba ni takarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni likita ce mai neman ƙwarewa a wani asibitin koyarwa, kuma sai na gabatar da kundin bincike kafin in zauna jarrabawar ƙarshe. Bincikena a kan ciwon damuwa ne tsakanin mata masu ciwon sukari. Tambayoyi kawai zan yi musu, sannan in duba fayilolinsu. Na miƙa takarduna ga kwamitin ɗa'ar bincike, aka daɗe shiru, da amsa ta zo kuma sai tarin gyare-gyare. Wani na gaba da ni ya ce in fara aikina, tunda ba allura ba magani, takarda za ta biyo baya, in ma ta kama a gyara kwanan wata. Shin akwai laifi a hakan? Kuma wai su wa ke da ikon sa ido a kan bincike a makarantar likitanci?

AMSA: Wa alaikumus salam, Likita. Kada ki fara. Kada ki yi wa mace ko ɗaya tambaya, kada ki buɗe fayil ko ɗaya da sunan bincike, sai takardar amincewa ta shigo hannunki. Na san lokaci na ƙure miki, amma shawarar da aka ba ki tana iya cinye kundin gaba ɗaya, ta kuma taɓa lasisinki.

Bari in fara da maganar "ba allura ba magani", domin nan ne masu bincike da yawa ke ruɗuwa. Kin ce ciwon damuwa za ki auna. In ma'aunin PHQ-9 (jerin tambayoyi tara na auna ciwon damuwa) za ki yi amfani da shi, kamar yadda aka fi yi, tambayarsa ta tara tana neman sanin ko mutum na tunanin gara ya mutu, ko tunanin cutar da kansa. To ga ki zaune da wata mata a gefen layin masu jiran ganin likita, katinta a hannu, wadda ta rako ta tana tsaye kusa. Kin karanta tambayar, ta sunkuyar da kai, ta ce kusan kullum. Me za ki yi? Ki rubuta lamba uku, makin wannan amsa, a takarda ki kira ta gaba? Wa zai gan ta a ranar? In likitan ƙwaƙwalwa ba ya nan fa? Wadda ta rako ta ta ji amsar ko ba ta ji ba? Kusan na tabbata wannan na cikin gyare-gyaren da aka dawo miki da su, in kuwa babu, ya kamata a ce yana ciki. Tambaya ma tana fama rauni, kuma sirrin da ya fita ba ya komawa.

Haka batun fayil. Mara lafiya ta faɗa wa likitanta abin da ta faɗa ne don a yi mata magani. Ba ta ba da shi don a yi kundi ba. Sau da yawa kwamiti na yafe wa mai bincike neman yardar kowane majinyaci idan tsofaffin fayiloli kawai zai duba, haɗarin kaɗan ne, kuma nemo mutanen ba zai yiwu ba. Amma kwamiti ne ke yafewa, mai bincike ba ya yafe wa kansa. Kuma za su so su ji inda bayanan za su kwana. Abin da na fi gani yana faruwa shi ne a ɗauki hoton shafin fayil da waya, suna da lambar asibiti duk a fili, a tura wa mataimaki ta WhatsApp don ya shigar a kwamfuta. Daga nan hoton ya bar hannunki ke nan. Abin da ake so shi ne kowace mata ta samu lambar bincike, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma a kulle ta daban, a kuma fayyace wa ke riƙe da mabuɗi da ranar da za a lalata ta.

Dalilin da ya sa dole amincewa ta riga bincike shi ne, aikin kwamiti gyara tsari ne tun yana gyaruwa. Tun ran gini ran zane. In kin riga kin yi wa mata ɗari tambayoyi a bainar jama'a, babu abin da kwamiti zai iya yi musu kuma. Shi ya sa kwamitocin da suka san aikinsu ba sa ba da amincewa ga abin da aka riga aka yi, mujallun kirki kuma suna neman lambar takardar da kwanan watanta. In aka ga ranar fara tattara bayanai ta riga ranar amincewa, ana iya ƙin buga aikin, in an riga an buga a janye shi.

Gyaran kwanan wata kuwa ya wuce saɓa ƙa'ida, jabun takarda ne. Misalin da aka fi sani a duniya a kan wannan ya faru ne a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su. Amma a 2001 ya fito fili cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata, kuma asibitin da sunansa ke kanta ba shi da irin wannan kwamiti a lokacin gwajin. An yi shekaru ana shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Bincikenki bai kai wannan nauyi ba, amma aikin da aka ce ki yi wa takarda iri ɗaya ne.

Waɗannan ƙa'idoji ba daga sama suka faɗo ba. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun biyo bayan shari'ar likitocin Nazi na Jamus, waɗanda suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni, kuma abu na farko a cikinsu shi ne yardar mutum ba tare da tilas ba. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki kan ƙa'idojin bincike a kan mutane a 1964, a gyaran da aka yi mata a Tokyo a 1975 ne aka shigar da sharaɗin cewa kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin bincike. A 1966 Henry Beecher, farfesa a Harvard, ya wallafa jerin bincike 22 da suka take haƙƙin majinyata, akasarinsu daga manyan jami'o'i da asibitoci, an kuma buga su a mujallu masu daraja. A Tuskegee ta jihar Alabama, hukumar lafiya ta Amurka ta bibiyi baƙaƙen fata maza kusan 600 daga 1932 zuwa 1972, 399 daga cikinsu masu tunjere, aka bar su ba magani ko bayan da fenisilin ya zama maganin cutar. Masu wannan aiki likitoci ne masu takardu, da yawansu kuma sun yi imani ilimi suke yi wa hidima. Abin da aka koya shi ne mai bincike, komai kyawun niyyarsa, ba shi ne ya dace ya auna haɗarin bincikensa ba, saboda yana da buƙata a ciki. Ke ma kina da ita: jarrabawa na jiranki. Wannan ba zargi ba ne, haka kowannenmu yake.

Akwai wani abu da ya shafe ki musamman. Matan nan majinyatanki ne. Idan likitar da ke rubuta mata magani ta ce "ko za ki taimaka min da amsa wasu tambayoyi?", mace nawa ce za ta iya cewa a'a? Sanarwar Helsinki ta ce idan akwai irin wannan dogaro, wani ƙwararre da ba ya cikin alaƙar ne ya kamata ya nemi yardar. A yi bayanin da harshen da take ji, a faɗa mata ƙarara cewa ƙin shiga ba zai taɓa kulawar da take samu ba, kuma tana iya fita ko an fara. In ba ta iya karatu ba, a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken ya zauna a karanta mata, sannan ta dangwala yatsa, shi ma ya sa hannu.

Sai tambayarki ta biyu. Kwamitin ɗa'a shi aka fi gani, amma ba shi kaɗai ba ne. Mai duba kundinki da sashenku su ne matakin farko, su ke tabbatar da cewa tambayar binciken tana da ma'ana kuma yawan mutanen ya isa a samu amsa. Binciken da ba zai iya amsa tambayarsa ba ya saɓa ɗa'a tun daga tushe, don an ɓata wa marasa lafiya lokaci a banza. Shi kwamitin, ba likitoci zalla ake so a ciki ba. Dokar Amurka, wadda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, ta ce aƙalla mutum biyar, da wanda ba masanin kimiyya ba, da wanda ba ma'aikacin cibiyar ba. Hukumar asibiti ita ke ba da izinin shiga ɗakin fayiloli, wannan izini kuma daban yake da amincewar kwamiti. Ofishin bincike na jami'a na riƙe da kwangiloli da kuɗin tallafi da bayanin duk wata maslaha da mai bincike ke da ita a kamfanin da ke ɗaukar nauyi. In gwajin magani ne, sai an haɗa da hukumar kula da magunguna ta ƙasa, a yi wa gwajin rajista a fili kafin a ɗauki mutum na farko, sharaɗin da manyan mujallun likitanci suka ɗora tun 2005. Manyan gwaje-gwaje kuma suna da wani kwamiti na daban mai duba sakamako ana cikin tafiya, wanda zai iya cewa a tsaya.

Duk wannan tsari yana rushewa ne idan shugabanni suka fi son suna fiye da gaskiya. A Karolinska ta Suwidin, cibiyar da farfesoshinta ke zaɓen wanda zai karɓi kyautar Nobel ta likitanci, likitan fiɗa Paolo Macchiarini ya dasa wa mutum uku maƙogwaron roba daga 2011, ba tare da amincewar kwamitin ɗa'a ba, an kira abin jinya alhali gwaji ne. Duk ukun sun rasu daga baya. Likitoci huɗu abokan aikinsa sun kai ƙara a 2014, masanin da aka ɗauko daga waje ya ce an yi maguɗi, amma a 2015 cibiyar ta wanke shi. Sai da talabijin ta tona zancen a 2016 shugaban cibiyar ya yi murabus, a 2023 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta yanke wa Macchiarini ɗaurin shekara biyu da rabi. A ganina, makarantar likitanci ana gane ingancin sa idonta ne ta yadda take yi da ƙaramin likitan da ya kai ƙarar babba.

Ba zan kare jinkirin da aka yi miki ba. Kwamitoci da yawa suna aiki da malaman da ba a rage musu wani nauyi ba, ba su da isassun ma'aikata, wani lokaci kuma sukan ɓata lokaci a kan waƙafi da aya su bar abin da ya fi muhimmanci. Kwamitin da ke riƙe takardar ɗalibi wata da watanni yana tura mutane ga irin shawarar da aka ba ki, kuma wannan laifinsa ne. Kina da haƙƙin ki je wurin sakataren kwamitin ki tambayi ranar zamansu na gaba, da ko bincikenki zai iya bin hanyar gaggawa da ake tanadar wa bincike mai ƙaramin haɗari, inda shugaba ko mamba ɗaya ko biyu ke dubawa ba sai an jira cikakken zama ba. Tambayar kashe kai tana iya sa su ce sai kowa ya zauna, amma ki tambaya.

Gyare-gyaren kuwa, ki amsa su ɗaya bayan ɗaya a rubuce, kowanne ki nuna shafin da kika canza. Inda ba ki yarda ba, ki faɗi dalilinki cikin ladabi, kwamiti na sauraron hujja. Kafin amsa ta zo akwai aikin da ba ya buƙatar majinyaci: fassara tambayoyin a sake mayar da su harshen asali don a ga ko ma'ana ta kauce, horar da mataimaka, samun ɗakin da za a rufe ƙofa, da yarjejeniya a rubuce da sashen ƙwaƙwalwa kan wanda zai karɓi matar da ta amsa tambaya ta tara da e. Gwada tambayoyin a kan majinyata 'yan kaɗan shi ma bincike ne, ki jira.

In takarda ta zo, ki duba wa'adinta, yawanci shekara ɗaya ce, sai an sabunta. Duk canjin da za ki yi, ko ƙarin tambaya ɗaya ce ko ƙarin asibiti, sai kin koma an amince. Shi kuma na gaba da ke, ba sai kin yi jayayya da shi ba. Ki sanar da mai duba kundinki a rubuce cewa kina jiran kwamiti, ki roƙe shi ya sa baki a hanzarta, in ya cancanta kuma ya nema miki ƙarin lokaci daga hukumar jarrabawar.