Tseren keke cikin duwatsu: a ina suke kwana, me suke ci?

Malam, ka tambaya yadda masu doguwar tseren keke a daji suke samun abinci da wurin kwana. Babu motar da ke bin su. Ɗauki tseren da ake kira Tour Divide: ana tashi daga Banff a Kanada cikin watan Yuni, a bi tsaunukan Roki har Antelope Wells, bakin iyakar Amurka da Meziko, kusan kilomita 4,400. Dokar ita ce kowa ya ji da kansa. In ka shiga ƙaramin gari ka sayi abinci a shago kamar kowa, ka cika gorunan ruwa, ka wuce. Barci kuwa, inda dare ya riske ka, cikin jakar barci a gefen hanya. Agogon tseren ba ya tsayawa. Mike Hall, wani ɗan tseren keke ɗan Birtaniya, ya gama a 2016 cikin ƙasa da kwana 14.

A Afirka ma akwai irinta a tsaunukan Atlas na Maroko.

In gwaji kake so a nan Zariya, fara da hanyoyin burji na wajen Kufena da sassafe, kada ka tafi kai kaɗai. Riƙe famfo da kayan faci, don ƙaya ba ta san tsadar taya ba. Ni dai da damina ba na zuwa, laka ta taɓa sa ni tura keke har gida.