Tambaya da Amsa: Baƙin Unguwarmu Ba Sa Zuwa Taro

TAMBAYA: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Baƙi sun ƙaru a wajenmu, wasu neman abinci ya kawo su, wasu rikici ya koro su. Mukan aika musu da takardar gayyata, ba mai zuwa. Yanzu har an fara gunaguni wai suna morar ruwa da makaranta amma ba sa biyan kuɗin ƙungiya. Ina mafita?

AMSA: Malam Sakatare, takarda ba ta kawo baƙo taro. Wanda bai gama sanin gari ba, in ya ga takarda mai hatimi, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne za a nemi shaidar zamansa ko a ɗora masa wani kuɗi. Ku taka ku je gida-gida. Mutum biyu sun isa, namiji da mace, tare da tafinta. Kada ku tambayi takardun kowa, wannan aikin hukumar shige da fice ne. Ku tambayi yaren da ake ji a gidan, sana'ar da aka iya, yara nawa ne ba sa zuwa makaranta, da lokacin da ake tashi daga aiki.

Wannan ta ƙarshen ita aka fi rainawa. Mai aikin yini da aka kira taro da hantsi, ladan ranar aka ce ya bari. Ku mai da taron dare ko ranar hutu, kada ya wuce awa ɗaya da rabi, ku kuma rage batutuwa, don fassara tana ninka tsawon kowace magana. Kada a sa yaro tafinta. Iyaye ba sa faɗin bashi ko ciwo ta bakin ɗansu.

Amma ginshiƙin abin shi ne kujera. An ce baƙo raɓa ne, sai dai wanda ya kama haya ya sa 'ya'yansa makaranta ya wuce nan. Ku ware musu aƙalla kujeru biyu a kwamiti, ɗaya ta mace, masu cikakkiyar ƙuri'a, su zaɓi wakilan da kansu, wa'adi shekara guda. Inda aka fi yin kuskure shi ne a ɗauko mutum ɗaya mai baki, wanda ya fi kowa jin yaren gari, a naɗa shi shugaban baƙi. Kafin a ankara komai sai ta hannunsa, 'yan ƙabilarsa kaɗai ke jin labari, wani lokaci har ya riƙa karɓar na goro. Birnin Sao Paulo na Barazil ya kafa dokar kula da baƙi a 2016, kuma a majalisar baƙi ta birnin su baƙin ne ke zaɓen wakilansu.

Batun kuɗi kuwa, ku karɓa daga kowa daidai, ku ba da rasit, ku riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Mara hali, baƙo ne ko ɗan gari, ya biya da aikin gayya. In tallafi ya zo daga wata ƙungiya, ku nemi a zuba shi a abin da kowa zai mora, kamar famfo ko ƙarin aji. Raba wa baƙi kaɗai alhali maƙwabcinsu ma yana cikin babu, shi ke haifar da gaba.

Gunagunin nan ma kada a bar shi ya girma. Tun 2010 birnin Barcelona na Sifaniya yake horar da 'yan sa-kai su tari jita-jita kan baƙi da hujja, a hirar yau da kullum. Ku littafin rasit ɗinku ne hujjar.

TAMBAYA: Baƙon da ba ɗan ƙasa ba yana iya jefa ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukuma?

AMSA: Ya danganta da dokar ƙasa, kuma ƙasashe da yawa ba su yarda ba. A Ireland duk baligin da ke zaune a ƙasar yana iya yi in ya yi rajista. A Suwidin, yawancin waɗanda suka fito daga wajen Tarayyar Turai sai sun shekara 3 da rajistar zama. Zaɓen ƙungiyar unguwa, ta kasuwa ko ta iyayen yara kuwa, tsarin mulkin ƙungiyar ne ke yanke hukunci. A duba shi, in an rubuta "ɗan asalin gari" a sharaɗin zama mamba, a kawo ƙuduri a babban taro a mai da shi "mazaunin unguwa".