Gyaran Ƙofar Zuciya Ba Tare da Tsaga Ƙirji Ba

Tambaya: Likita, mahaifina mai shekara 82 yana fama da haki da kumburin ƙafafu, an ce ƙofar zuciyarsa ba ta rufewa da kyau, kuma ba zai jure tiyata ba. Ina mafita?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Idan ƙofar da ake kira mitral ce, wadda ke ɓangaren hagu na zuciya, akwai aikin da ake zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a haɗe leɓɓan ƙofar biyu da ɗan maƙali mai suna MitraClip, domin rage jinin da ke komawa baya. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2013 domin marasa lafiyar da tiyata ke da haɗari gare su. Yakan sassauta hakin sosai, amma dole a fara ɗaukar hoton zuciya ta maƙogwaro, tunda ba kowace ƙofa ce ke karɓarsa ba.